Laftop siririya a ƙauye, ta ci kuɗinta ko kyan gani ne kawai?

Masu tambayata ko su sayi laftop siririya sun yi yawa, yawanci yaran da suka samu gurbin karatu a jami'ar Dutse ko ta Kafin Hausa ko kwalejin Gumel, sai kuma abokan aiki malamai da suka gaji da kai bugun takardar jarrabawa shagon kwamfuta, toh gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta a huta. Ni dai tawa Lenovo ce, ThinkPad X1 Carbon fitowa ta shida wadda kamfanin ya saki a 2018, tokumbo na saye ta a Kano. Ina zaune a ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, ina koyarwa a ƙaramar sakandire, sannan ni ke riƙe da lissafin ƙungiyar manoman ranin garinmu. Na faɗi wannan ne don a san idon da nake kallon abin da shi, ni ba ɗan birni ba ne mai ofis da na'urar sanyi, duk abin da zan yaba ko in kushe da ƙura da zafi da rashin wuta na auna shi.

Abin da mutane ke fara gani a jikinta sirantaka ne da kyau, ni kuma wallahi wannan ne na ƙarshe a lissafina. Abin da ya sa nace ta biya kuɗinta shine ba ta shan wuta. Furosesar, wato injin da ke yi wa kwamfuta lissafi, da ake sa wa irin waɗannan siraran, in ka duba lambarta za ka ga ta ƙare da harafin U, kamar i5-8250U, an yi ta ne ta zauna a wajen wat 15, ita kuwa ta manyan laftop masu kauri da ake buga gem ko haɗa bidiyo da su, mai ƙarewa da H, wat 45 ce, ninki uku kenan. Batirin tawa a sabonsa 57Wh ne (Wh shine ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa), cajarta wat 65 mai bakin USB-C irin na wayoyin yanzu. A birni wannan ba wani labari ba ne, amma a garin da in aka ɗauke wuta sai a manta da ku har ku daina lissafin kwana, ai shine komai.

Ga yadda nake yi. Ina da fanel ɗin sola ɗaya a kan kwano da batir 12V mai 100Ah, irin wanda kowa ke sawa don kwan fitila da fanka. A takarda batirin nan 1,200Wh ne, amma masu haɗa sola za su gaya maka kar ka sha fiye da rabi in kana son ya yi ƙarko, toh ka ce 600, ka raba da 57, ka cire ɗan abin da ke ɓacewa a waya da caja, kaga kwamfutar za ta cika wajen sau takwas kafin batirin ya ji a jikinsa, kuma ai rana na fitowa kullum. Ba na ma bi ta inbata, cajar mota na saya irin wadda ake cusawa a bakin kunna sigari, mai sola ya haɗa min soket ɗinta a jikin batir da fis, daga nan kai tsaye sai kwamfuta. Sai dai a kula fa, ba kowace cajar mota ba, sai wadda aka rubuta PD a jikinta, wato tsarin caji mai ƙarfi na USB-C, kuma a cikin ƙananan rubutun nan ka ga 20V, don mafi yawan na kasuwa 5V ko 9V suke bayarwa, waya za su cika maka, kwamfuta ko kallonsu ba za ta yi ba. Haka ma fawa bank. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ne a ciki, wato cikar kwamfutar sau ɗaya kenan in an cire asara, amma shi ma sai mai PD da ke fitar da wat 45 ko 65, kuma ya fi na waya tsada nesa. Na sha ganin yaro ya jona fawa bank ɗin waya a laftop ya zauna yana jira, daga baya yace ai bakin cajin ne ya lalace.

Ranar kasuwar Gujungu kuwa in na shigo da ita babu caji, rumfar mai cajin waya nake nufa. Janareta na ta ƙara a baya, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta manne, sai in miƙa masa ya jujjuya ta yace “Malam wannan fa kuɗin kwamfuta za ka biya ba na waya ba”, ince “haba ɗan samari, cajar ma tawa ce, soket kawai za ka ba ni”, mu dai daidaita a kuɗin waya biyu. Lenovo sun ce cajar wat 65 tana kai batirin kashi 80 cikin awa ɗaya, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba, kafin in sha fura mu gama gardamar farashin taki da masu zama a bencin ta kusa cika. Ba na tafiya in bar ta dai, waya ce ake ba wa lamba a tafi, abu mai wannan kuɗin ba a barinsa a rumfa.

Nauyi ma ba abin rainawa ba ne ga wanda mashin ne ƙafarsa. Kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ce, ita kuwa tsohuwar laftop mai inci 15 da muka saba da ita ta haura kilo biyu kafin ka sa cajarta mai kai kamar bulo. In zan zaga fadama ɗaukar sunayen waɗanda suka karɓi iri da taki, jakar goyo ɗaya ce da rajista da komai, kafaɗa ba ta ciwo. Wani abin da ba a cika faɗa ba shine ma'ajiyarta SSD ce, babu abin da ke juyawa a ciki. Tsohon hadis faifai ne ke juyi da allura a kansa, gargadar hanyar burji da ramukan damina su ne ajalinsa, musamman in ka rufe kwamfutar ba ta gama mutuwa ba ka jefa a jaka ka hau mashin. Da SSD wannan fargabar ta kau, kuma kana buɗe murfi ta tashi, ba sai ka jira ana ta kallonka ba.

Toh yanzu sai inda abin yake ciwo, kuma nan zan fi daɗewa don masu shago ba za su gaya maka ba.

Na farko zafi. Waɗannan kayan ba don Afrilun Jigawa aka ƙera su ba. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa MacBook a yi aiki da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana na haura 40, ɗakin kwano mara silin kuma Allah kaɗai ya san nawa yake kaiwa da azahar. Laftop mai kauri tana da babbar fanka da wurin da iska za ta zaga, siririya kuwa komai a matse yake, 'yar fanka ce ƙarama da siririn bututun tagulla ɗaya, in zafi ya taru furosesar da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Shi ya sa za ka ga kwamfuta da asuba tana tashi kamar me, da rana tsaka kuma ta koma jan ƙafa, mai ita ya ɗauka bairos ne ya kai a yi mata fomatin a banza. In rubutu ne da Excel da shiga intanet ba za ka ji sosai ba, amma ka ce za ka haɗa bidiyon biki na awa guda ko babban aikin CorelDRAW a watan bazara, za ka sha jira. Ga ƙurar hunturu kuma, kafofin iskar ƙanana ne, kaɗan ta shiga ta toshe su. Ni duk ƙarshen hunturu sai na kai an buɗe an bushe fankar, kuma ba na ɗora ta a katifa ko darduma tana aiki, ƙasan ne take shaƙar iska, ko littafi ne a tokare bayanta ya ɗan ɗaga. MacBook Air mai furosesar M1 da ta fito a ƙarshen 2020 ita babu fanka kwata-kwata, ta wannan fuskar ƙura ba ta da ƙofar shiga sosai kuma shiru take, batirinta ma Apple sun ce yana kai awa 18 a kallon bidiyo, amma da yake jikinta kawai ke fitar da zafi ita ma in aiki ya yi nauyi ya daɗe sai ta sassauta.

Zafin nan ba gudu kawai yake ci ba, batir yake kashewa. Wani abokin aikina yana da wata siririya, ba irin tawa ba, kullum tana jone a sola a ɗakin kwano dare da rana wai kar caji ya sauka. Sai ya lura wurin da ake shafawa da yatsa ya daina dannuwa, daga baya murfin ma ya ƙi rufuwa daidai, in ka ajiye ta a tebur sai ta riƙa rawa. Na raka shi wajen wani injiniya a Kano, ya kwance dunƙulen sukurori ƙanana ya zuba a murfin kwalba, yana ɗaga marfin ƙasa sai ga batir ya kumbura ya yi tozo, baƙar ledar jikinsa ta cika tam har ta banƙaro ƙarfen. Abokina ya kai hannu zai danna, injiniyan ya buge hannun yace “Malam rufa mana asiri, in ya huje wuta zai kama a shagon nan”. Ya ɗauke shi a hankali ya kai waje ya sa a bokitin yashi. Da aka zo maganar sabo yace “Yallaɓai irin wannan sai dai in aika Legas, ka ba ni sati, kuma orijinal ba na yi maka alƙawari”. A tsohuwar laftop batir daga waje yake, ka zare da yatsa biyu ka sa wani, a siririya kuwa a ciki yake, kowane samfuri da siffar nasa, wasu ma da gam aka manne su. Dabarar da ta rage ita ce kar a bar shi a cike ɗari bisa ɗari kullum cikin zafi. A ThinkPad akwai manhajar Lenovo Vantage da za ka sa caji ya riƙa tsayawa a 80, ni haka na saita tawa, sai ranar da zan yi doguwar fita nake barinta ta cika.

Na biyu, kuma shine babba a wurina, gyara da ƙari. Don a sirantar da ita sai da aka narka abubuwa a jikin bod, wato babban allon ciki da komai ke jone a kansa. Ram ɗin X1 Carbon, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, a like yake, in mai gig 8 ka saya a haka za ku rabu, babu ƙari. Haka Dell XPS 13, haka HP EliteBook x360 1030. A tawa SSD kam yana fita, za ka iya sa babba, amma a MacBook Air mai M1 har ma'ajiyar a like take, in bod ya mutu fayilolinka na iya tafiya da shi, kuma ko sukurorin bayanta sai da sukundireba ta musamman mai baki biyar. Kibod ma haka, a manyan laftop sukurori biyu ko uku ne ka ɗaga ka sa wani, a siraran sai an kwashe kayan ciki kaf kafin a kai gare shi, wasu ma haɗe yake da murfin sama gaba ɗaya. Ka tuna mu nan wanda zai taɓa bod da gaske sai Kano, a Dutse ko Hadeja za ka samu mai sa Windows da canza sikirin, amma aikin narka ƙananan kaya a bod ba kowa ba. Kenan duk matsala kuɗin mota ne zuwa da dawowa da yinin aiki guda, kafin a zo kuɗin gyaran. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, illar ita ce da yawa ba su san rariya suka saya ba.

Tunda an zo maganar kibod da ƙura, a guji MacBook Air ta 2018 da 2019. Kibod ɗin da Apple suka yi amfani da shi a shekarun nan, daga 2015 zuwa 2019, ɗan ƙwayar ƙura kan sa harafi ya maƙale ko ya riƙa bugawa sau biyu, har kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, daga baya a 2020 ya koma tsohon salo. Abin da ƙurar Amurka ta gagara, ina ga tamu.

Na uku kafofin jona kaya. Tun da Steve Jobs ya zaro MacBook Air ta farko daga ambulan a Janairun 2008, Intel kuma suka biyo da nasu tsarin siraran laftop mai suna Ultrabook a 2011, kowace shekara sai an ƙara sirantar da abin, kuma kafofin ne ke biyan kuɗin. Air mai M1 kafa biyu ce kawai ta USB-C da ta iyafis, caja ta cinye ɗaya saura ɗaya. Mu kuwa duk kayanmu masu tsohon baki ne, filash, firinta, maus, modem, na'urar ɗaukar hoton yatsa ga masu aikin rajista, furojekta ta makaranta mai HDMI ko ma VGA. Sai ka sayi ɗan jone mai baki da yawa, shi kuma abu ne da ake mantawa a gida ranar da aka fi buƙatarsa, na arahan kuma zafi suke yi su riƙa yankewa ana tsakiyar kwafe fayil. Wannan na cikin dalilin da na zaɓi tawa, duk da sirantarta tana da USB babba guda biyu da HDMI cikakke ban da USB-C biyu. Kafar wayar intanet irin ta ofis ce babu sai da adafta, ni kuma ban damu ba, hospot ɗin waya nake amfani da shi. Wurin sa faifan CD kuwa a manta da shi, in firintarka tsohuwa ce mai diraiba a faifai sai dai ka sauke daga intanet ranar da sabis ya yi kyau.

Sikirin a taƙaice, a nemi mai 1920 da 1080, wato yawan ɗigon hotonsa a kwance da a tsaye, wanda ba ya ƙyalli. Mai gilashi mai sheƙi yana da kyau a shago, amma ka zauna da shi ƙarƙashin darbejiya da hantsi fuskarka kawai za ka gani. Mai taɓawa da yatsa kuma ya fi shan batir, in ya fashe ya fi tsada, ni ban ga abin da zai ƙara wa malamin makaranta ba. Sauti a irin waɗannan ba yabo ba fallasa, in za ka kunna wa aji wani abu ka zo da 'yar sifika.

Maganar kuɗi ba zan faɗi farashi ba, don tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 dala ta haura dubu ta wuce, farashin wata guda ba ya kai wata na gaba. Amma a san cewa Air mai M1 dala 999 aka fara sayar da ita, kowa ya buga da canjin yau ya gani, shi ya sa kusan dukkanmu tokumbo muke saye a Beirut Road ko Farm Centre, kayan da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su. Kuma in za ka kwatanta farashi ka haɗa da fawa bank mai PD, da ɗan jone, da jaka mai soso, da canjin batir nan gaba kaɗan, sannan ne za ka ga ainihin kuɗin siririya.

A kasuwar akwai tarko kala-kala. Wanda ya fi kama mutane shine sitikar i7, wato sunan ajin furosesa. Mai shago zai ce maka “Alhaji i7 ce fa”, kai kuma ka ji babban suna. Ka duba lambar da ke gaba. i7-7500U ta janareshan na 7, wato fitowa ta bakwai, ƙwaƙwalwar aiki biyu gare ta a ciki, ita kuwa i5-8250U ta janareshan na 8 huɗu ce, kenan i5 ɗin ta fi ta aiki kuma wani lokacin ta fi araha. Ga kuma wani dalilin, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga janareshan na 8 take farawa tare da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar. Masu shago suna da dabarar cusa ta a tsofaffi, za ka ga tana aiki, amma ni ba zan ba da kuɗi mai yawa a kan abin da aka shigar ta taga ba. Tarko na biyu sababbi ne dal a kwali, sirara, masu launi, farashi mai daɗi, in ka duba ciki ƙaramar furosesa Celeron ce da ram gig 4 da ma'ajiyar eMMC gig 64 a like. Kyan ɗan maciji kenan, Windows kaɗai ta cinye kaso mai yawa na wurin, ka buɗe shafi biyar a burauza ta fara nishi, kuma babu abin da za a iya ƙara mata. Tokumbo mai kyau ta fi ta sau nawa. Na uku sai ace maka “tana cin sim”, eh ramin sim ɗin yana nan a baya, amma a yawancinsu na'urar da ke kama sabis ɗin ba a sa ta ba, ka sa sim ɗinka a gabansa ya nuna maka. Na huɗu makulli, wasu sun zo da fasawod a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ko rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, MacBook kuma da iCloud ɗin wani, wato asusun Apple na tsohon mai ita, irin wannan ko kyauta aka ba ka wahala ce.

Toh wa ya kamata ya saya? A ganina wanda yake yawo da aikinsa kuma wuta ce babbar matsalarsa, malamin gona, ma'aikacin lafiya mai zaga ƙauyuka yana tattara bayanai, malamin makaranta, ɗalibin da karatunsa rubutu ne da bincike, wanda zai yini a aji ko laburare babu soket. Waɗannan siririya za ta yi musu rana, amma a nemi mai ram gig 16 in hali ya yi tunda ba a ƙarawa, kuma mai tsohuwar kafar USB ko da ɗaya ce. Wanda kuma zai buɗe shagon buga takardu da fotokwafi da cike fom ɗin JAMB, kwamfuta a tebur daga safe har dare, yara na dannawa, firinta biyu a jone, wannan kar ya soma. Shi HP EliteBook 840 G5 ko G6 ya dace da shi, inci 14 ce, wajen kilo ɗaya da rabi, ita ma ba kauri gare ta ba kuma tana karɓar caji ta USB-C, amma ram ɗinta rami biyu ne ana cirewa ana ƙarawa, SSD na fita, kibod na canzuwa cikin sauƙi, tana da kafar wayar intanet, kayan gyaranta kuma sun cika Kano. Bambancinsu da tawa kamar na roba-roba da Boxer ne, ɗaya ba nauyi ba shan mai ga daɗin hawa, ɗayan kuma shi ake ɗora wa buhu biyu a shiga yashi, in ya lalace ko bakin kasuwar ƙauye akwai mai gyara. Gaskiya ma yawancin yaran da ke tambayata 840 ɗin nake nuna musu, don uban da ya sayar da buhunan shinkafa ya sayi kwamfuta ba zai so ya ji bayan shekara an ce bod ne ba. Masu son haɗa bidiyo da gem kuwa duka biyun ba nasu ba ne, su nemi mai kauri mai H su tanadi wutar da za su ciyar da ita.

MacBook fa? Batirinta babu na biyunsa, wannan ba gardama, kuma ƙirarta ta yi. Amma kafin ka saya ka tambayi wurin aikinka ko sashenku a makaranta wace manhaja ake amfani da ita, don da yawa daga na'urorin rajista da tsofaffin firintoci Windows kawai suka sani, kuma ranar da ta ƙi tashi a ƙauye babu wanda zai iya ko leƙa ta.

In ka je shago kar ka yi sauri ko da motar ƙarshe za ta tafi ta bar ka. Ka sa a buɗe cmd, baƙin shafin rubuta umarni na Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai fito da shafi mai nuna ƙarfin batirin a sabonsa da abin da yake iya ɗauka yanzu, in na yanzu bai kai kashi 70 na asali ba ka sa kuɗin batir a cikin cinikin. Ka ajiye ta a kan gilashin kantar shagon ka ga ko tana zaune daram, ka danna wurin shafawa ta kusurwa huɗu. Ka jona caja a kowace kafar USB-C ɗaya bayan ɗaya, wannan ya fi muhimmanci a ThinkPad na 2017 zuwa 2019, don Lenovo sun taɓa fitar da sanarwa cewa a sabunta manhajar kafofin ko su daina aiki, ka tabbata an yi. Ka buɗe Word ka danna kowane harafi, ka sa farin shafi ka duba tabo a sikirin, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko hinjin na ƙara, ka shiga BIOS da hannunka. Cajar ma ka ɗaga ka ji nauyinta, jabu fayau take, kuma ita ce ke kashe bod in janareta ya yi tsalle.

Sannan maganar garanti, ka yi ta kafin ka tura kuɗi. Yawanci za su ce kwana uku ko sati. Ni nace wa mai shagon da ya sayar min “Oga daga bayan Ringim nake, kwana uku ai ko gama gwada ta ban yi ba, ka yi min sati biyu”, ya yi dariya yace “Malam kun fiye ciniki ku mutanen Jigawa”, amma ya rubuta a rasit, da lambar jikin kwamfutar, da cewa batir da caja suna ciki, ya sa hannu ya buga hatimin shago.